Yadda Za Ka Ɓoye Kogi Har Ya Ɓace

Ka gan ta. Kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Sati uku ke nan takardar tana manne a ƙofar shagon abincin Verna, daidai tsayin idonka, kai kuwa kullum da safe sai ka tura ƙofar da kafaɗa, ka ɗaga kai sama kamar mai duba hadari. Na zauna a bakin taga da kofina na ƙirga ku: maza goma sha ɗaya, mata biyu, kowa da hular fatsa a ka, babu wanda ya karanta ko layi biyu. Mutanen da ke hango bayan kifi a ƙarƙashin ruwa daga kan gada, su ne suka kasa ganin takarda mai ruwan ɗorawa a gaban hancinsu.

To bari in karanta maka. Wani kamfani ya nemi izinin kwasar tsakuwa daga cikin kogin Tolwa, tun daga gadar katako har bakin rafin sama, kansilolin gunduma kuma za su yanke hukunci ranar Alhamis. A cikin tsakuwar nan macen kifin da ake kira sitilhed ke haƙa rami ta zuba ƙwai idan ta dawo daga teku. Hujjar cewa kwasar ba za ta cutar da komai ba layi ɗaya ce: bayanan shekara ashirin sun nuna kusan babu kifi a wannan kogi.

Ba kowa ke iya wannan aiki ba. A ɗauki kogi mai rai a mayar da shi fanko a takarda, ba a zuba guba ba, ba a gina madatsa ba, sai gwanaye. Ni a hannun gwani na tashi, wato kawuna Orval, saboda haka na tsara hanyar daki-daki don amfanin sauran garuruwa masu koguna. Duk wanda ya bi ta yadda take, na ba shi tabbaci: zai samu kogi nasa shi kaɗai, babu baƙo, babu cunkoso, babu kifi.

Mataki na ɗaya: Sha wahala sosai

Sitilhed ba ya dawowa sai lokacin da masu hankali ke zaune kusa da murhu, daga Disamba zuwa Maris. Kai kuwa sa wandon roba mai kaiwa ƙirji, ka shiga ruwan da ya gangaro daga dusar ƙanƙarar kan duwatsu, ka tsaya a ciki har ƙugu. Sandarka ta kai ƙafa goma sha uku. A bakin zaren ƙugiya ɗaya tak, wadda ka ɗaure wa gashin tsuntsu da hannunka, ka raɗa mata suna kamar 'yar cikinka. Kada ka sa tana. Tana kama kifi take yi, kai kuwa ba kamun kifi ka zo ba, ka zo ne a san ka iya jira.

Jefa zare, bar ruwa ya ja shi ya kewayo, yi taku biyu ƙasa, sake jefawa. Haka har gurbin, wato kwarin ruwan da kifi ke kwanciya, ya ƙare, sannan ka fito ka koma sama ka bi bayan na ƙarshe. Kada ka kuskura ka shiga ruwa a gaban wanda ya riga ka. Kawuna da abokinsa Lyle Pruitt sun yi shekara shida ba sa gaisawa a coci saboda taku huɗu.

Amfanin wannan mataki babba ne. Mutumin da yatsunsa suka daskare, ya jefa zare sau dubu kafin kifi ɗaya ya taɓa, yakan fito daga ruwa yana jin kogin ya zama nasa. Da zarar ka ji haka, sauran matakan ba su da wuya.

Mataki na biyu: Kada sunan kogin ya fita daga bakinka

Idan baƙo ya tare ka a gidan mai ya tambayi inda kake fatsa, nuna masa da haɓa ka ce, "Can gaba." Ajiye a-kori-kurarka mil guda daga inda za ka shiga ruwa, ka ƙarasa da ƙafa ta cikin ƙaya. Idan ka ɗauki hoto, tabbatar babu dutse ko bishiyar da za a gane. A falon kawuna akwai hoton babban kifin da ya taɓa kamawa, ya bi gefen hoton da almakashi ya yanke komai, har ya zama mutum da kifi suna shawagi a jikin bango.

Ka koyi darasi daga Lyle. Wata safiya wani ɗan birni ya shigo shagon Verna da sababbin kaya, ko takardar farashin hularsa bai cire ba, ya yi gaisuwa da ladabi ya tambayi labarin Tolwa.

Lyle ya girgiza kai kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. "Tolwa? Ayya, ɗan samari, ka makara. Ai kogin nan ya mutu tun ambaliyar da aka yi ina saurayi. Kama hanyar arewa, awa biyu ne kawai."

Verna ta dire wa Lyle farantin ƙwai ta ce, "Lyle, ka ji tsoron Allah. Wandonka na ɗiga a kan daɓena."

"Bututun gidana ne ya fashe."

"Kullum da asuba yake fashewa?"

"Tsohon gida ne, Verna. Ƙaro mini kofi."

Baƙon ya yi godiya ya kama hanyar arewa. A nan, gaskiya, babu wanda aka cuta sai shi da tankin motarsa.

Mataki na uku: Idan gwamnati ta tambaya, yi mata yadda ka yi wa baƙo

Nan ne zuciyar aikin, saboda haka ka natsu.

Kowace shekara ofishin kula da kifi yakan tsayar da mutum a bakin gada da kati da biro, ya tambayi duk wanda ya fito daga ruwa awa nawa ya yi, kifi nawa ya kama. Idan bazara ta yi sai a buga adadin, 'yan birni su karanta, su zaɓi inda za su tafi baɗi. To me ya rage? Ka ce ko ɗaya. Doka ma tana bayanka, tunda ta ce kifin da kogi ya haifa ba a fitar da shi daga ruwa: ka cire ƙugiya, ka riƙe wutsiyarsa har ya farfaɗo, ka sake shi. Babu abin da za a gani a jakarka. Shaida ɗaya ce, jiƙaƙƙen hannun riga.

Shekara uku da suka wuce, ni ce mai katin. Na gama jami'a ke nan, na dawo gida da digiri a kan kifi da sabuwar rigar ruwa mai tambarin ofis. Sai ga kawuna ya hauro daga ƙarƙashin gada, fuskarsa na walƙiya kamar wanda aka yi wa albishir.

Na ce, "Kawu, awa nawa yau?"

"Shida."

"Kifi nawa?"

"Ko ɗaya."

"Hannun rigarka a jiƙe yake har kafaɗa."

"Zamewa na yi."

"Da hannu ɗaya?"

"Tsufa ne, 'yar nan. Ke ma za ki zo wurin."

"Kana ƙarnin kifi."

"Burodi da kifin gwangwani na ci. Haba Marnie, malama mai digiri, rubuta sifiri ki bar ni in wuce, sanyi nake ji."

Na rubuta sifiri. Ƙa'idar aikin ita ce a rubuta abin da mutum ya faɗa, ba abin da hannun rigarsa ya faɗa ba. Amma ba zan fake da ƙa'ida ba: dariya na yi. Na ga abin wasan gida ne, irin wanda na tashi a cikinsa. A wannan hunturun na cika kati fiye da ɗari huɗu, yawancinsu sifiri, kowanne da sa hannuna a ƙasa. Idan ina nuna ka da yatsa, ka sani na fara da kaina.

Mataki na huɗu: A teburin Verna, juya ƙaryar ta ɗaya ɓangaren

Kifin da bai wanzu ba a bakin gada da ƙarfe goma sha ɗaya, ya zama mai nauyin laba goma sha biyu da azahar. Kowane kofi yana ƙara masa laba ɗaya. Idan Verna ta yi gashin tuffa, yana iya kai ashirin, ya yi tsalle sau bakwai, ya ja ka har gurbin Tsohuwar Firji.

Hikimar a nan ita ce, gwamnati ta ji ƙasa da gaskiya, abokai su ji sama da gaskiya, ita kuma gaskiyar ta zauna a tsakiya babu mai damunta.

Mataki na biyar: Yi mamaki idan aka yarda da kai

Ranar da na karanta takardar ƙofa, ban ko shanye kofina ba na tafi ofishin gunduma. Misis Lindgren ce ke riƙe da fayil ɗin, mace mai haƙuri da tabarau a rataye a wuya. Na yi mata jawabi na minti goma a tsaye, har da buga tebur. Na ce kogin cike yake da kifi, kowa a garin nan ya sani, ni kaina na gani da idona.

Ta bar ni na gama. Sannan ta buɗe fayil, ta zaro kati ɗaya ta juyo da shi gabana.

"Wannan ba sa hannunki ba ne?"

Na ce nawa ne.

"Wannan fa?"

Shi ma nawa ne.

"'Yata, ni ban ce ƙarya kike yi yau ba. Amma kansiloli biyar za su zauna, gabansu katin shekara ashirin yana cewa babu. Me zan ɗora a ɗaya gefen? Ki kawo mini rubutu mai kwanan wata, ki kawo mutanen da za su miƙe su faɗa da bakinsu a rubuta. In ba haka ba, katafila za ta shiga ruwa a watan Yuli."

Na dawo shagon Verna na faɗa musu. Lyle ne ya fara samun bakin magana, ransa a ɓace ƙwarai.

"Yanzu fisabilillahi, gwamnati guda ta rasa wanda za ta yarda da shi sai mai fatsa? Wane irin sakarci ne wannan? Ko matata ba ta yarda da ni!"

Wannan ita ce fuskar da ake so a wannan mataki. Ka gwada ta a madubi.

Mataki na shida: Nemi mai laifi daga nesa

Akwai manyan jiragen kamun kifi a teku. Akwai masu saran katako a kan tsaunuka. Akwai ruwan da ke ƙara ɗumi kowace shekara, akwai 'yan birni da takalmansu masu tsada. Duk suna da nasu laifin, na karanta shi a makaranta, ina iya kawo maka littattafan. Kyawunsu shi ne babu ɗaya daga cikinsu da za ka iya yi wa komai kafin Alhamis. Zage su har kofinka ya huce, ka tashi ka tafi gida da zuciya fes.

Mataki na bakwai: Tsare littafinka har kabari

Kowannenku yana da littafi. Kada ka yi mini musu, na san inda kuke ɓoyewa. Na kawuna ƙananan littattafai ne guda talatin da ɗaya, a cikin gwangwanin biskit, a ƙarƙashin kujerar motarsa. A ciki babu sifirin gada, babu laba ashirin. Kwanan wata, sunan gurbi, tsayin ruwa a jikin ƙafar gada, launinsa, kifi nawa, mace ko namiji. Idan Maris ya yi, har zane yake yi na inda mata suka share tsakuwa suka yi gado, don kada ya taka ƙwai. Ofishinmu duk da motocinsa da na'urorinsa ba shi da abu mai kyan wannan. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi wa kowa ƙarya, bai taɓa yi wa gwangwanin biskit ko ɗaya ba.

Ƙa'idar wannan mataki: kada kowa ya gani. Ka bar wasiyya a binne ka da shi.

Na same shi a garejinsa yana ɗaure gashi a ƙugiya, na ce ya kawo littattafan wurin taron Alhamis. Bai ko ɗago ba.

"Ke kin san abin da kike cewa? Idan na karanta wannan a gaban jama'a, ya shiga takardar gwamnati ke nan. Duk mai waya a hannu zai gani. Baɗi mota hamsin za ki tarar a bakin gada."

Na ce, "Haka ne."

Ya ɗago. Ya zaci zan musa.

"Haka ne, Kawu. Za su zo. Wasu ba su san taku biyu ba, za su shiga gabanka, za su bar gwangwanin lemo a bakin ruwa. Safiyar da kake tsayawa kai kaɗai da hazo, da wuya ka sake samunta. Ba zan ce maka ba za ka yi asara ba. Amma ko mota hamsin masu ɗauke da sanda, ko goma masu ɗauke da tsakuwa."

"An tura ki makaranta ki koyo kifi, kin koyo rashin kunya."

"Duka biyun ake koyarwa."

"Fita mini daga gareji, kina tare mini haske."

Na fita. Har nan ya ci jarrabawa da maki mai kyau.

Ranar Lahadi bayan coci ya tsayar da mota a ƙofar gidana ya danna ham. Bai ce ga inda za mu ba. Muka ajiye motar a inda babu dalilin ajiye mota, muka ratsa ƙaya da jiƙaƙƙen ganye kusan minti ashirin, muka ɓullo a ƙasan gurbin da ake kira Gwiwar Fasto. Shekarata ashirin da bakwai a garin nan, ban taɓa sanin akwai hanya ta nan ba. Bai zo da sanda ba. Ya kama kafaɗata ya durƙusar da ni a bayan wani kututture ya nuna.

Ruwan bai kai gwiwa ba, garau kamar gilashi. A tsakiya an share tsakuwa fes, faɗin ƙofar ɗaki. Macen ta kwanta ta gefe ɗaya ta karkaɗa wutsiya, tsakuwa ta tashi, ruwa ya tafi da ƙasar. Namijin yana bayanta, jan layi a gefensa, yana korar wani ƙarami da ke son kutsowa. Na ƙirga gado biyar a wuri ɗaya.

Ina ta kallon kifi, ashe shi wani abu yake kallo. A bakin gaɓa, taku goma daga gadon farko, an kafa turaku a jere, kowanne da jan ƙyalle. Masu awon kamfanin sun riga sun zo. Wurin da ya ɓoye wa Lyle, ya ɓoye wa matarsa har ta rasu, ya ɓoye mini, su sun same shi a taswira cikin yini ɗaya, sun rubuta masa lamba.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ƙarfe nawa ne taron naku?"

"Huɗu."

"To. Amma ki sani, launin gashin ƙugiyar ba zan faɗa ba. Ko alƙali ne ya tambaya."

"Babu mai tambayarka."

"Ina dai faɗa miki."

Haka kawuna ya faɗi jarrabawar mataki na bakwai, bayan shekara talatin da ɗaya yana na ɗaya a aji.

Labari bai kwana ba. Washegari da ya shiga shagon Verna, Lyle ya ɗauki farantinsa ya koma teburin kusa da banɗaki, mutum uku suka bi shi. Daga can ya ɗaga murya: "Orval, idan ka gama karanta musu, ka buga taswira ka raba a gidan mai. Ka haɗa da makullin gidanka!" Kawuna ya jawo farantinsa. Ya ci ƙwansa shi kaɗai a teburin mutum shida, Verna ta ƙara masa kofi sau uku ba tare da ya nema ba.

Ga abin da ya hana ni barin maganar a nan. Na kai wa Misis Lindgren littafi ɗaya ta duba. Ta ce abu ne mai kyau, amma littafin mutum ɗaya ne, mutumin kuma kawun mai ƙorafi ne, kuma sunansa na kan katin da ke cewa sifiri. Lauyan kamfani zai tambaye shi wanne ne ƙarya, na da ko na yanzu. Amma idan littafi biyar ko shida suka zo daga hannu daban-daban, ranakunsu suka yi daidai, ruwan da wannan ya ce ya hau wancan ma ya ce ya hau, to babu lauyan da zai iya ture su. Idan kuwa shi kaɗai ya miƙe, zai tona asirin da ya fi ƙauna a duniya a gaban gari, ya rasa abokan teburinsa, sannan a kwashe tsakuwar duk da haka.

Sanarwa

Marubuciyar wannan jagora ba ta ɗauki alhakin abin da zai samu wanda ya bi matakan nan bakwai har ƙarshe ba, tunda abin da aka yi masa alkawari shi zai samu. Haka kuma ba ta ɗauki alhakin abin da zai samu wanda ya karya su ba. Idan baƙi suka cika maka gurbi, ba ruwanta. Idan Lyle ya daina gaishe ka, ka gode mata daga baya. Idan matarka ta ji a bainar jama'a cewa ranar da ka ce ka tafi wurin likitan haƙori kifi biyu ka kama, wannan tsakaninku ne, kada a kira ta shaida.

Abin da ta ɗauki alhakinsa kati ɗari huɗu ne, kuma ita za ta fara miƙewa ta faɗi yadda aka cika su.

Saura kai. Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma, zauren makarantar firamare. Ciro littafinka daga inda yake, kada ka gyara ko layi ɗaya. Idan an kira sunanka, tashi tsaye, faɗi sunan kogin da ƙarfi yadda mai rubutu za ta ji, faɗi rana, faɗi gurbi, faɗi adadi, ba ƙari ba ragi. Orval zai zauna a layin gaba da gwangwaninsa a kan cinya, kujerun da ke gefensa kuma babu kowa. Je ka zauna a ɗaya.